Robar tsotse ruwa bayan tiyata: in ta cika da iska, ba ta aiki

Bayan an cire nono saboda ciwon daji, ko an yi aikin maƙoƙo ko na ƙugu, majiyyaci kan farka ya ga siririn bututu ya fito ta gefen ɗinki. Ba wani abu ne ya ɓaci ba. Inda aka yanka yakan ci gaba da tsattsafo jini da ruwa, in suka taru a ƙarƙashin fata sai kumburi, ɗinki ya buɗe, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama.

Bututun nan shi ke fitar da ruwan zuwa robar da ke tsotse shi, kuma robar iri-iri ce. Jackson-Pratt roba ce mai laushi kamar ƙwai, takan ɗauki mililita 100. Hemovac faifai ce mai sifirin a ciki, tana ɗaukar kusan 400. Redivac kuwa kwalba ce da aka zuƙe iskarta, jan ta ya fi ƙarfi, kuma ba a juye ta, sauya ta ake yi.

Ga inda masu jinya suka fi kuskure. Biyun farko ba sa tsotsa sai an matse su. Ku wanke hannu, ku buɗe murfin, ku juye ruwan a kofin awo, ku rubuta adadi da lokaci. Sannan ku matse robar har ta lotse, ku rufe tana a matse. Wanda ya rufe ta cike da iska, ado kawai ya rataya. A juye sau 2 ko 3 a rana, ko da zarar ta kai rabi, a kuma maƙale ta a riga ƙasa da ciwon don kada nauyinta ya fizge bututun.

Ruwan yakan fara ja, ya koma ja-ja, sannan ruwan ɗorawa. Galibi ana cire bututun in abin da ke fita ya gaza mililita 30 a awa 24, shi ya sa likita ke neman takardar da kuke rubuta adadin.

In ruwa ya tsaya kwatsam alhali wurin yana kumbura ko bandeji na jiƙewa, gudan jini ne ya toshe bututun, ko ya lanƙwashe. Robar da ke sake cika da iska bayan an matse ta, akwai inda iska ke shiga. Jan jini da ke cika ta nan da nan, mugunya, wari, ko zazzaɓin da ya kai digiri 38, duk na komawa asibiti ne a take. In bututun ya zame, kada ku tura shi ciki, ku rufe wurin da bandeji mai tsabta ku tafi.