Ba Kowace Nematod Ce Ke Cin Saiwa Ba

A fadamun Kwalkwalawa da Wurno, manomin da ya tuge tumatir ya ga saiwa ta yi ƙulu-ƙulu, aka ce masa nematod ce, yakan ɗauka duk tsutsa mai wannan suna abokiyar gaba ce. Ɓarnar gaskiya ce, aikin wani dangin nematod ne mai suna Meloidogyne, amma an yi wa sauran kuɗin goro.

Akwai dangi biyu, Steinernema da Heterorhabditis, da ba ruwansu da saiwa, ƙwari suke farauta. Sirara ne, sai da madubin bincike ake ganinsu sosai. Sukan kutsa cikin tsutsar ƙwaro ta baki ko dubura ko kafofin numfashi, su saki bakteriyar da suke ɗauke da ita, cikin kwana biyu tsutsar ƙwaron ta mutu. A gawar suke hayayyafa.

Da tarko ake gano su. A ɗebo ƙasa mai danshi a gwangwani, a saka tsutsar asun da ke cin saƙar zuma, a rufe, a ajiye a duhu kamar mako guda. Wadda Heterorhabditis ta kashe ja take komawa. Sai a ɗora gawar kan jiƙaƙƙiyar takarda a ƙaramin faranti da ruwa ya kewaye, dabarar da wani masanin kimiyya mai suna White ya fito da ita a 1927. Wajen mako biyu, 'ya'yan nematod ɗin sun gangaro ruwa dubbai.

Matsalarmu a Sakkwato zafi ne. Rana da bushewa na kashe su, don haka ƙasar gindin mangwaro ko bakin rafi ake nema, kuma da yamma ake zuba su a gona don su kashe ƙwari, bayan ban ruwa.