Amoksisilin da Namoniyar Yara: Kira ga Iyaye

Duk shekara idan hunturu ya kankama, ƙaramin asibitin da nake aiki yakan cika da yara masu tari, kuma kafin in rubuta kowane magani, nakan roƙi uwa ta ɗage rigar ɗanta, in zuba wa agogo ido, in ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Idan jariri ɗan wata 2 zuwa 11 yana numfashi sau 50 ko fiye a minti ɗaya, ko kuma yaro ɗan shekara 1 zuwa 5 yana kaiwa 40 ko fiye, to, mukan ɗauke ta a matsayin namoniya, wadda wasu ke kira sanyin haƙarƙari. Maganin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a gaba domin wannan ciwo, a jagorar da ta fitar a 2014, shi ne amoksisilin, musamman ƙwayar nan da ke narkewa a cokali da ɗan ruwa mai tsabta ko ruwan nono.

Amoksisilin ɗan gidan fenisilin ne, maganin da Alexander Fleming ya gano a Landan a 1928, kuma shi kansa an fara sayar da shi a 1972 bayan da aka haɗa shi a Ingila. Aikinsa shi ne hana ƙwayar cutar bakteriya gina bangon da ke kare jikinta, sai ta fashe ta mutu. Saboda yana cin nau'o'in bakteriya da yawa, ana ba da shi ga ciwon kunne da na maƙogwaro da kumburin haƙori, ana kuma haɗa shi da wasu magunguna domin gyambon ciki. Amma ƙwayar bairos, wadda ita ce ke kawo mura da akasarin tarin da yara ke yi, ba ta da wannan bango ko kaɗan, don haka komai yawan kafson da aka ɗura wa mai mura, ba zai rage masa kwana ɗaya na jinya ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke wasa da wannan magani. Sau da yawa uwa takan kwance bakin zaninta ta nuna mini kafso biyu na Ampiclox, wanda shi ma ɗan gidan fenisilin ne, da aka sayo a kemis, ta ce an fasa ɗaya an jiƙa wa yaro jiya da dare. Ba na ganin laifinta, domin kuɗin da ke hannun maigida ke nan, amma irin wannan shan na rabi da rabi yana kashe ƙwayoyin cuta masu rauni ne kawai, ya bar masu taurin kai su hayayyafa. Wasunsu ma suna fitar da wani sinadari da ke lalata maganin tun kafin ya taɓa su, kuma wannan ne ya sa ake komawa ga irin su Augmentin, waɗanda kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar bakteriya ga magani ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma idan aka kwatanta da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki asara.

Idan ma'aikacin lafiya ya rubuta wa yaronki amoksisilin na kwana biyar, safe da yamma, ki ba shi har ya ƙare, ko da zazzaɓin ya sauka a rana ta biyu kuma ya koma wasa a tsakar gida. Kada ki rage wa ƙanensa, kada kuma ki adana ragowar na ruwa domin wata rana, saboda da zarar an zuba wa garin ruwa, kwanakinsa ƙidayayyu ne, ba ya wuce mako biyu. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwalin, sannan ki yi awo da murfin da ya zo da shi.

Ɗan gudawa mara tsanani kan biyo bayan shan maganin, kuma a mafi yawan lokuta ba ya hana a ci gaba. Amma idan borin jini ya feso, ko leɓe da fuska suka kumbura, ko numfashi ya sarƙe, a dakata nan take a garzaya asibiti, kuma daga ranar a riƙa sanar da duk likitan da aka je wurinsa cewa jikin yaron ba ya karɓar fenisilin. Haka nan idan yaro ya kasa kama nono, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko ya yi jijjiga, ko jariri ne da bai kai wata biyu ba, to, lamarin ya wuce maganin gida, yana bukatar gado da allura. Wanda kuwa aka sallama da magani, ki dawo mana da shi bayan kwana uku domin mu sake ƙirga numfashinsa.