Tura Ruwa da Wutar Lantarki a Cikin Ƙananan Magudanai

Tura ruwa da wutar lantarki wata dabara ce ta masu kimiyya wadda ake sa ruwa ya yi tafiya a cikin siririn bututu ko ƴar kwata da faɗinta bai wuce na gashin kai ba, babu famfo babu inji, waya biyu kawai ake tsomawa, ɗaya a bakin hanya ɗaya a ƙarshe, in an ba su wuta sai ruwan ya kama hanya da kanshi. Masana suna ce ma tafiyar ruwan ilektiro-osmosis, tafiyar ƙwayoyin da ke cikin ruwan kuma ilektiroforesis, kuma kusan kullum tare suke faruwa. Faɗin magudanan yawanci maikromita 10 zuwa 100 ne, wato sai an haɗa maikromita 1,000 kafin a samu milimita 1, gashin kan mutum kuma yana wajen 70.

Me ya hana a sa famfo

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin kanal ɗin Bakolori a wajen Talata Mafara ya san ruwan tsakiya ya fi gudu, na gefe yana jan ƙafa saboda bango na riƙe shi. To a bututu mai siririn gashi kusan duk ruwan na gefe ne. In aka rage faɗin bututu da rabi, ruwan da zai wuce da matsi iri ɗaya sai ya ragu sau 16, dan haka famfo wahala kawai zai sha. Sannan tunda tsakiya na gudu gefe na baya, duk abin da aka zuba dan a auna sai ya baje ya cakuɗe a hanya. Wutar lantarki ita daga bangon take kama ruwan, shi yasa duka yake tafiya kusan kafaɗa ɗaya, na tsakiya da na gefe.

Yanda abin ke aiki

Sirrin duka a jikin bango yake. Gilashi in ya jiƙe da ruwan da ba mai tsami sosai ba, fuskarshi takan ɗauki caji negatif, tunda kuma negatif da fositif suna jan juna, sai ƙwayoyin gishiri masu caji fositif da ke cikin ruwan su taru su yi layi a jikin bangon. Wannan layin siriri ne ƙwarai, daga nanomita 1 zuwa 100 (nanomita 1,000 ne maikromita 1) gwargwadon yawan gishirin, in gishiri ya yi yawa sai ya ƙara sirancewa. Da an kunna wuta waɗannan ƙwayoyin sai su nufi wayar negatif suna jan ruwan da ke kusa da su, shi kuma ya ja na kusa da shi har tsakiya. Gudun ba wani mai yawa ba ne, da bolt 100 a kowane santimita ruwan kan yi wajen rabin milimita a daƙiƙa, amma a hanyar da tsawonta ƴan santimita ne wannan ya isa. Abin sha'awar shi ne gudun bai damu da faɗin bututu ba matuƙar ya fi wancan layin faɗi nesa ba kusa ba.

Tarihi

Abin ya samo asali ne daga laka da yashi. Bayan Volta ya ƙirƙiro batirin farko a 1800, wani Bajamushe mai suna Ferdinand Friedrich Reuss da ke koyarwa a Jami'ar Mosko ta Rasha ya yi gwaje-gwajenshi a wajajen 1807, aka buga sakamakon a 1809. Ya cika wani lanƙwasasshen bututu da yashi da ruwa ya ba shi wuta, sai ya ga ruwa yana hawa a ɓangaren negatif. A wani gwajin kuma ya kafa bututun gilashi biyu a cikin jiƙaƙƙiyar laka, sai ga ƙwayoyin lakar suna tasowa ɓangaren fositif har ruwan ya yi fari-fari kaman madara. Wato mutum ɗaya ya ga abubuwan biyu, tafiyar ruwa da tafiyar ƙwaya. Wasu masu tarihi na cewa wani Bafaranshe, Gautherot, ya riga shi ganin wani ɓangare na abin tun 1801, ba a gama daidaitawa a kai ba.

Robert Porrett ya sake ganin abin a Ingila a 1816, Gustav Wiedemann ya auna shi da kyau a 1852, sai Georg Quincke a 1859 ya gano juyinshi, wato in ka tura ruwa da ƙarfi ta cikin ƙananan ramuka shi ma yana haifar da wuta. Hermann von Helmholtz ne a 1879 ya zauna ya yi lissafin layin cajin da ke bango, Marian Smoluchowski ɗan Poland ya gyara lissafin a 1903, kuma har yau da sunan su biyun ake kiran ƙa'idar da ake lissafa gudun ruwan da ita. Gouy a 1910 da Chapman a 1913 da Stern a 1924 suka ƙara bayanin yanda ƙwayoyin ke jeruwa. Shekara ɗari da wani abu kenan abin yana hannun masu lissafi, ba a ci moriyarshi sosai ba.

Wanda ya kai shi ga jini shi ne Arne Tiselius na Jami'ar Upsala a Suwidin, a 1937 ya haɗa na'urar da ke rarrabe sinadaran furotin na jini da wuta, aka ba shi kyautar Nobel a 1948. Shekara ɗaya bayan nan, 1949, Linus Pauling da abokan aikinshi a Amurka suka sa jinin masu sikila a irin wannan na'urar suka ga himogulobin ɗinsu, wato furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini, ba ya tafiya daidai da na sauran mutane, wannan ne karon farko da aka nuna cuta tana fitowa daga sauyin ƙwayar furotin guda. Vernon Ingram ya gano takamaiman wurin da sauyin yake a jikin himogulobin a wajajen 1956 zuwa 1957.

Ƙanƙantawa ta zo daga baya. A 1981 James Jorgenson da Krynn Lukacs suka nuna cewa in aka yi aikin a bututun gilashi mai faɗin maikromita 75 zafin da wutar ke haifarwa na saurin fita, dan haka ana iya ba shi wuta har bolt 30,000, alhali wutar nefa ta gida 230 ce. A 1990 Andreas Manz a kamfanin Ciba-Geigy na Suwizalan ya kawo shawarar a tattara ɗakin gwaji gaba ɗaya a kan ɗan guntun gilashi, a 1992 shi da Jed Harrison na Jami'ar Alberta ta Kanada suka sassaƙa magudanan a jikin gilashi suka tura ruwa da wuta kawai, ana juya shi hagu ko dama ta hanyar sauya wayar da aka ba wuta, ba tare da wani makunni mai motsi ba. Aikin karanta kundin halittar ɗan Adam, wato DNA ɗinshi gaba ɗaya, da aka kammala a 2003 ma da injuna masu siraran bututu 96 aka yi kaso mai yawa nashi.

Gwajin jinotayif

Nan ne abin ya shigo gidajenmu. Takardar AA ko AS ko SS da ake nema kafin ɗaurin aure a Birnin Kebbi ko Gusau, a ɗakunan gwaji da yawa da wannan hanyar ake samo ta. Himogulobin na sikila ya rasa wani ɓangare mai caji negatif a wuri na 6 na ɗaya daga cikin sarƙoƙin sinadaran da suka haɗa shi, an maye shi da wanda ba shi da caji, dan haka in an ɗiga jini a takardar gwaji an ba ta wuta, nau'in A sai ya yi gaba, S na sikila ya biyo baya saboda cajinshi ya ragu, C kuma, wani nau'in himogulobin na daban, ya fi su duka nawa. Ma'aikacin lab yana duba inda kowane layi ya tsaya ne kawai. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da sikila, kimanin 150,000 a shekara a ƙiyasin da aka fi kawowa, shi yasa ƙanƙanta wannan gwajin ba ƙaramin abu ba ne gare mu, musamman ƙauyukan da asibiti ke nesa kuma wuta ba ta zama. Akwai wata ƴar na'ura mai batir, Gazelle, da ta samo asali daga Jami'ar Case Western Reserve ta Amurka, an gwada fasaharta a Kano, tana ba da sakamako cikin minti 8 daga ɗigon jinin yatsa.

Matsaloli

Wuta na dumama ruwan, kuma a bakin wayoyin ruwa na fashewa ya ba da kumfar iska wadda guda ɗaya ta isa ta toshe hanya. Tsamin ruwan na sauyawa in aiki ya daɗe, furotin kuma na manne wa bango ya ɓata cajin, sai gudun ya canza ana tsakar aunawa. Ruwa mai gishiri da yawa, kaman jini tsantsa, sai an sirka shi tukun.

Wasu hanyoyin

Ana iya jan ɗigon ruwa ɗaya-ɗaya a kan faifai mai ƙananan wayoyi a jere, asalin wannan na komawa ga aikin Gabriel Lippmann na 1875. Herbert Pohl kuma a 1951 ya bayyana yanda wutar da ba ta bazu daidai ba ke jan ƙwayoyi ko da ba su da caji, da ita ake ware ƙwayoyin halitta masu rai daga matattu.