Gano ɓacin tauraron ɗan Adam sanadiyyar yanayin sararin samaniya

Tauraron ɗan Adam da ke tsaye saitin wuri ɗaya a nisan kilomita 35,786 daga ƙasa ba mai iya hawa ya buɗe shi. Injiniya ba ya da komai sai bayanan da tauraron ke aikowa: ƙarfin lantarki, zafin sassa, da sa'ar da wata na'ura ta kunnu ko ta mutu. Waɗannan ake gwadawa da ma'aunin Kp, mai nuna yadda iskar da rana ke fesowa ta hargitsa maganaɗisun duniya, daga 0 zuwa 9, da ƙidayar ilektiron ta taurarin GOES na Amurka.

Kafin a tuhumi tauraro, sai a duba ƙasa. A Yamai, inda cibiyoyin nazarin yanayi na AGRHYMET da ACMAD ke aiki da hotunan taurarin Meteosat na Turai, hadarin damina na iya yanke siginar Ku, ɗaya daga zangon rediyon da taurari ke amfani da shi. Wajen Maris da Satumba rana kan daidaita a bayan tauraro, ta rufe siginarsa na ƴan mintuna. Bayan magariba kuma iskar can sama mai caji kan rikita GPS a yankinmu. A duk ukun tauraron lafiyarsa lau.

In ciwon na sama ne, lokaci ke tona shi. Cajin da ke taruwa a fatar tauraro ya fi yin tartsatsi tsakanin tsakar dare da asuba, agogon wurin da yake, musamman in Kp ya hau. Wanda ya fi wuyar kamawa shi ne cajin ciki. Ilektiron masu ƙarfin da ya wuce MeV 2 (ma'aunin kuzarin ƙwayoyi ne) suna ratsa bango, su taru kwana da kwanaki cikin rufin wayoyi, sa'an nan su fashe. Wanda ya duba ma'aunin ranar kaɗai zai ga komai shiru, don haka ake komawa kwanakin baya. Irin wannan caji ne ya ɓata taurarin Anik E1 da E2 na Kanada ranar 20 ga Janairu 1994, kuma sai bayan kusan wata biyar aka shawo kan E2.

Ƙwayar firoton guda, wato ƙwaya mai caji da ke zuwa daga sarari, na iya juya 0 ya koma 1 a ma'adanar kwamfuta. Taurari na kusa da ƙasa sun fi gamuwa da wannan a saman kudancin Atilantika, kuma sake loda manhaja kan wadatar. Amma in lantarkin wani sashe ya yi tsalle ya ƙi sauka, dole a kashe shi nan take a sake kunnawa, in ba haka ba ya ƙone.