Waiwaye: yadda launuka suka hau kan tangaram bayan gashi

Wuta ce ta daɗe tana hana magina sakin hannu da launi. Tangaram ba ya nuna sai zafin tanderu ya kai wajen digiri 1,300 a ma'aunin Salsiyas, kuma a irin wannan zafi yawancin launuka ƙonewa suke yi ko su dushe. Kaɗan ne ke jurewa: shuɗin ma'adinin kobalt, ruwan ƙasa da ake samu daga ƙarfe, sai ja na jan ƙarfe, shi ma in an yi sa'a. Abin da ya sa ke nan fari da shuɗi suka mamaye tsofaffin kwanukan ƙasar Sin.

Dabarar da ta warware matsalar ita ce raba gashin gida biyu. A fara gasa kwano da shafin gilashinsa har ya yi sheƙi. In ya huce, a zana masa ado da garin gilashi da aka cuɗa da launin ma'adinai, a mayar da shi ƙaramin tanderu mai zafin digiri 700 zuwa 850, wanda harshen wuta ba ya taɓa kayan. Garin sai ya narke ya manne, launin ya tsira.

Tun a ƙarni na 9, a zamanin Abbasiyawa, maginan Iraƙi suna shafa haɗin azurfa da jan ƙarfe a kan kwanon da aka riga aka gasa, su sake gasa shi cikin hayaƙi, ya fito yana walƙiya kamar zinariya. Amma zane mai launuka da yawa sai a Iran ya bayyana, a ƙarshen ƙarni na 12, musamman a birnin Kashan. Ana ce wa kayan mina'i, ko “haft rang”, wato launi bakwai. Ga mahaya dawaki, ga sarakuna a zaune cikin fadawa, ga baitocin Farisanci a gefen kwano. A ganina ba a ba wa waɗannan magina haƙƙinsu ba, domin da an ambaci wannan sana'a sai hankali ya tafi Sin. Zamaninsu bai yi tsawo ba. Mamayar Mongolawa da ta soma a 1219 ta zo daidai da ƙarewarsa, kuma a 1301, da Abul Ƙasim na Kashan ya rubuta bayanin sana'ar gidansu, ya ce an daina irin wannan aiki.

A wajen 1200 maginan Cizhou na arewacin Sin su ma sun fara sa ja da kore da rawaya a kan shafi. A Jingdezhen, babban birnin masu yin tangaram a Sin, abin ya bunƙasa. A zamanin Sarki Chenghua, 1465 zuwa 1487, akan ja layin zane da shuɗi a ƙarƙashin shafi, bayan gashi a cike tsakaninsa da launuka a sama. Wani ɗan kofi mai hoton kaji na wannan zamani an sayar da shi a Hong Kong a 2014 kan kimanin dala miliyan 36. Kore ya yi tashe a zamanin Sarki Kangxi, sannan a wajen 1720 ruwan hoda ya shigo, wanda daga zinariya ake samo shi. Da aka iya cuɗa shi da fari mai kauri, masu zane suka samu damar nuna haske da inuwa a furen da a da launi ɗaya ne shimfiɗe.

Japan ta kama a garin Arita a shekarun 1640, inda gidan Kakiemon ya yi suna da jansa mai kama da ruwan lemu. A Jamus an buɗe masana'antar Meissen a 1710, kuma Johann Höroldt, da ya zo a 1720, shi ya haɗa mata launukanta.

Sauƙin wutar nan yana da farashi. Launin a sama yake zaune, ana jin tudunsa da yatsa, don haka cokali da soso da injin wanki suna cin sa a hankali. Abin da ya fi damuna shi ne dalma. Ita aka daɗe ana sa wa garin gilashi don ya narke da wuri, wasu ja da rawaya na baya-bayan nan kuma da kadmiyam, wani ƙarfe mai guba, ake yin su, kuma abinci mai tsami yana iya jan su daga jikin kwano zuwa ciki. Yanzu ƙasashe da dama, ciki har da Amurka da na Tarayyar Turai, sun ƙayyade adadin da aka yarda ya fita daga kayan cin abinci, akwai kuma launuka marasa dalma. Tsohon kwano mai zane a cikinsa, wanda ba a gwada shi ba, gara a ajiye shi don ado kada a zuba abinci a ciki.