Waiwaye: Yadda Shawarar Masana Ta Koma Hatimin Gaskiya

A shekarar 2023 kaɗai, mujallun ilimi sun janye maƙaloli sama da 10,000 da suka riga suka buga, adadin da ba a taɓa kaiwa ba a shekara guda. Tun daga nan muhawara ba ta lafa ba. Wasu na ɗora laifin a kan 'yan kasuwar maƙalar bogi, masu ƙaga bincike su sayar da gurbin suna ga mai neman ƙarin girma. Wasu na ganin ƙirƙirarriyar basira ce ta ɓata lamarin, wasu kuma suna kuka da mujallun da ke buga duk abin da aka turo muddin an biya. Kowane ɓangare da gaskiyarsa. Abin da ke damuna shi ne yadda ake magana kamar bitar da masana ke yi wa maƙala kafin a buga ta wata katanga ce da ta shekara 350 tana tare ƙarya, sai jiya ta rushe. Tarihi bai nuna haka ba.

Ga yadda aikin yake a yau. Mai bincike zai aika maƙalarsa ga mujalla. Edita ya fara dubawa, kuma a manyan mujallu nan take ake mayar da kaso mai yawa ba tare da kowa ya sake gani ba. Wadda ta tsallake sai a tura wa masana biyu ko uku na fannin, su karanta su rubuta rahoto: a karɓa, a gyara, ko a ƙi. Galibi marubuci bai san su wane ne ba, kuma galibi ba a biyan su ko sisi. Suna yin aikin ne a ɗan lokacin da koyarwa da nasu binciken suka rage musu. Ba sa maimaita gwajin, sau da yawa ma ba sa ganin ɗanyen bayanan da aka tattara. Abin da marubuci ya ce ya gani, shi suke aunawa. Wannan shi ake kira bitar takwarori.

Farkon labarin sananne ne. A 1665 mujallun ilimi biyu na farko suka fito, ɗaya a Paris, ɗaya a Landan, wato Philosophical Transactions, wadda sakataren ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society, Henry Oldenburg, yake shiryawa. Shi yake zaɓar abin da za a buga, in ya ga dama ya tambayi wani masani ra'ayinsa. A 1752 ƙungiyar ta karɓi mujallar ta kafa kwamitin zaɓen maƙaloli. A 1832, bisa shawarar masani William Whewell, aka fara neman rubutaccen rahoto daga masana, kuma niyyar farko ita ce a buga rahoton kowa ya karanta. Ba a daɗe ba aka mayar da shi sirri. Ko a lokacin, al'ada ce ta wasu ƙungiyoyi, ba doka ba ce a kan kowa. Maƙalolin Einstein na 1905 editocin mujallar Jamus ne suka karanta suka buga. Da mujallar Physical Review ta Amurka ta tura wata maƙalarsa ga mai bita a 1936, ransa ya ɓaci, ya ce bai ba da izinin a nuna wa kowa ba, ya janye ta. Mai bitar ne ke da gaskiya, domin da maƙalar ta fito a wata mujallar an sauya sakamakonta. Maƙalar Watson da Crick ta 1953 kan tsarin DNA, wadda mujallar Nature ta buga, ba a tura ta ga masu bita na waje ba. Sai a 1973 Nature ta wajabta bitar waje a kan kowace maƙalar bincike, mujallar likitanci ta Lancet kuma a 1976.

To me ya faru a waɗannan 'yan shekaru har abin da yake zaɓi ya koma farilla? A nan nake so mu ɗan zauna, domin nan ne aka fi tsallakewa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Amurka ta zama babbar mai ɗaukar nauyin bincike. An kafa Gidauniyar Kimiyya ta Ƙasa a 1950, kuma bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957 kuɗi suka ƙara kwarara. Masana suka yawaita, maƙaloli suka yi wa editoci yawa, fannoni suka rarrabu har edita ɗaya ba zai iya fahimtar duk abin da ke kan teburinsa ba. Injin kwafin takardu ya shigo ofisoshi a ƙarshen shekarun 1950, aika maƙala ɗaya ga mutum uku ya daina zama wahala. Duk wannan ya sa neman ra'ayin masana na waje ya yaɗu, amma har lokacin taimako ne ga edita. Mai bita mashawarci ne, hukunci na edita ne, kuma in an yi kuskure edita ake tambaya.

Sai tattalin arziki ya juya. Yaƙin Biyetnam ya ci kuɗi, man fetur ya yi tashin gwauron zabo a 1973, hauhawar farashi ta addabi jama'a. 'Yan majalisa suka fara tambayar da kowane mai biyan haraji ke da haƙƙin yi: wa ke yanke hukuncin wane bincike za a ba kuɗin jama'a, kuma bisa wace hujja? Rigima ta tsananta a kan wani manhajin makarantun firamare kan rayuwar ɗan Adam da gidauniyar ta ɗauki nauyi, wanda wasu iyaye suka ga ya saɓa wa tarbiyyarsu. A watan Afrilun 1975 Majalisar Wakilai ta amince da wani gyaran doka da zai ba majalisa damar duba tallafin gidauniyar kafin a bayar. Daga baya an cire shi, amma masana sun razana. A watan Yulin shekarar wani ƙaramin kwamitin majalisar ya yi zaman sauraron ba'asi na kwanaki a kan yadda gidauniyar ke tantance buƙatun tallafi.

Masana suna cikin tsaka mai wuya. Suna son kuɗin gwamnati, ba sa son ɗan siyasa ya zaɓa musu abin da za su bincika. Amsar da suka samu ita ce: ku bar mana, muna da hanyar tace kanmu, masani ba ya samun kuɗi sai takwarorinsa sun auna aikinsa. Masu suka ma ba su ce a soke bitar ba, cewa suka yi ba a yin ta yadda ya kamata, ma'aikatan gidauniya na iya watsi da ra'ayin masu bita. Ka ga ke nan ɓangarorin biyu sun haɗu a kan abu guda ba tare da sun shirya ba: bitar takwarori ita ce ma'aunin ingancin ilimi. Kwamitin ya kammala da cewa tsarin yana da tushe mai kyau. Gidauniyar ta ƙara wa ra'ayin masu bita nauyi, ta kuma fara ba mai neman tallafi kwafin rahotannin da aka rubuta a kansa, ba tare da sunaye ba. Masaniyar tarihin kimiyya Melinda Baldwin ta bi diddigin wannan zamani, ta nuna cewa a nan ne kalmar bitar takwarori ta tashi daga harkar cikin gida ta masana ta zama alƙawari ga jama'a.

Ban ga mugu a wannan labari ba. 'Yan majalisa sun yi tambayar da ta dace, masana sun kare 'yancin da ya cancanci a kare. Amma a duba abin da ya sauya. Zaman na 1975 kan rabon tallafi ne, sai dai darajar da kalmar ta samu ba ta tsaya nan ba, ta bi ta zuwa mujallu. Mujallar da ba ta tura maƙala waje ta fara zama abin zargi. Ɗan jarida ya koyi tambayar ko an yi wa bincike bita kafin ya ba da labarinsa. Kotu da ma'aikatun lafiya suka fara kallon bitar a matsayin shaidar inganci. Mutum biyu da suka karanta rubutu a gajiye da daddare suka wayi gari sa hannunsu ya zama hatimi, alhali ba a ƙara musu lokaci ba, ba a horar da su ba, ba a ba su ɗanyen bayanai ba, ba a kuma ce su binciki ha'inci ba. An gina aikin ne a kan amana, cewa marubuci na iya kuskure amma ba zai yi ƙarya da gangan ba. A kan wannan ginin aka ɗora alƙawarin cewa abin da ya wuce ta hannunsu gaskiya ne.

A tsakiyar shekarun 1970 ɗin ne kuma aka fara fitar da ma'aunin tasirin mujallu duk shekara, wato matsakaicin yawan ambaton da maƙalolin mujalla na shekaru biyun baya suka samu. Eugene Garfield, wanda ya ƙirƙiro shi, ya yi shi ne don auna mujallu, masu kula da ɗakunan karatu suka riƙa amfani da shi su san mujallar da za su saya, kuma shi da kansa ya yi gargaɗin kada a auna mutum ɗaya da shi. Amma da hatimi ya samu, lamba kuma ta samu, sai aka sami hanya mai sauƙi ta auna malami ba tare da karanta aikinsa ba: maƙala nawa, a wace mujalla. Sannu a hankali ɗaukar aiki, ƙarin girma da tallafi suka rataya a kan ƙidaya a jami'o'in duniya. Duk abin da aka mayar da shi kuɗin shiga, za a sami mai buga na jabu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne sai bayan an ɗora wa aikin bita wannan nauyi aka tashi gwada ko yana aiki. A 1982 Douglas Peters da Stephen Ceci suka ɗauki maƙaloli 12 da mujallun ilimin halayyar ɗan Adam suka riga suka buga, suka sauya sunayen marubuta da na jami'o'insu zuwa na ƙage, suka sake aika wa mujallun nan dai. Uku kawai aka gane. A cikin tara da suka rage, an ƙi takwas. Taron duniya na farko kan nazarin bitar takwarori a fannin likitanci sai a 1989 aka yi shi a Chicago. A 1998 masu bincike a mujallar likitanci ta BMJ suka cusa kurakurai takwas da gangan cikin wata maƙala suka raba wa masu bita. Sama da 200 suka amsa, kuma a matsakaici kurakurai biyu kowa ya gano. Wannan bai nuna masu bita ragwaye ba ne. Duk wanda ya taɓa karɓar rahoton mai bita na ƙwarai ya san yadda yake gyara rubutu, ya toshe ɓaraka, ya hana mutum jin kunya a bainar jama'a. Abin da gwaje-gwajen suka nuna shi ne iyakar abin da karatun mutum biyu zai iya kamawa.

Sauran labarin ya zo da sauri. Intanet ta kawar da iyakar shafuka. Daga farkon shekarun 2000 aka yaɗa tsarin da marubuci ke biya don kowa ya karanta kyauta, niyya mai kyau da ta buɗe ilimi ga waɗanda ba su da kuɗin rajista, amma ta sa kuɗin shigar wasu mujallu ya dogara da yawan abin da suka karɓa. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya aika wata maƙalar bogi mai kurakurai a fili ga mujallu 304, kuma 157 suka karɓa. Maƙaloli na ƙaruwa da miliyoyi a shekara, masu bita kuwa su ne dai malaman nan da ake matsa wa su ma su rubuta nasu. Editoci na kukan sai sun roƙi mutane da yawa kafin biyu su amsa.

Ana ƙoƙarin gyara. Tun 1991 masana fiziks, daga baya har da na lissafi, ke ajiye rubutunsu a rumbun arXiv kowa ya gani kafin bita. Sanarwar San Francisco ta 2012 ta roƙi jami'o'i su daina auna mutum da lambar mujalla. A 2023 mujallar eLife ta daina cewa ta karɓa ko ta ƙi bayan bita, sai ta buga maƙalar tare da rahotannin masu bita, mai karatu ya ga ƙarfinta da rauninta da idonsa. Wannan kusan shi ne abin da Whewell ya nema a farkon shekarun 1830. Tambayar da ta fi tayar da ƙura a kan sabon tsarin ita ce yadda kwamitin ƙarin girma zai ƙirga maƙalar da ba a buga mata hatimin karɓa ba.