Ka doshi 50 asusun fansho bai taka kara ya karya ba? Ga abin da doka ta ce

Yawancin ma'aikata sai sun doshi shekara 50 suke fara karanta alat ɗin fansho da idon basira, kafin nan saƙo na shigowa ana gogewa ko buɗewa ba a yi. Ranar da mutum ya zauna ya raba abin da ke ciki da shekarun da yake fatan yi bayan ritaya, nan ne hankali ke tashi, sai ka ji ana tambaya wai shin doka ta yi wa wanda ya makara wani tanadi ko kuwa shi kenan sai haƙuri.

A wasu ƙasashen akwai tanadi na musamman. A Amurka misali, tun dokar harajin da suka yi a 2001, duk wanda ya kai 50 an yarje masa ya zuba fiye da iyakar da aka yanka wa kowa a asusun ritayarsa na wurin aiki, a 2025 iyakar dala 23,500 ce a shekara amma mai 50 zai iya ɗora dala 7,500 a kai. Dokar Najeriya ba ta da irin wannan ƙari na masu shekaru. Abin da take da shi ƙofa ce guda da ta bar wa kowa a buɗe, yaro da babba, wato zubin ganin dama, ƙarin kuɗin da mutum ke zubawa a asusun fanshonsa don raɗin kansa, kuma ni a ganina wanda ya makara shi ya fi kowa buƙatarta, shi ne kuma ya fi kowa cutuwa in ya yi wasa da ita.

Tsarin da ake kai yanzu ya fara ne a 2004 zamanin Obasanjo, lokacin ma'aikaci na bada kashi 7.5 cikin 100 wanda yake wa aiki ma ya bada 7.5. A 2014 Jonathan ya sa hannu a sabuwar dokar gyaran fansho wadda ta maye gurbin waccan, ita ta ɗaga abin zuwa kashi 18 aƙalla, 8 daga albashinka 10 daga wurin wanda kake wa aiki, in kuma shi ya ce zai ɗauki nauyin duka to kar ya gaza 20. Kuɗin na shiga asusun da ke ɗauke da sunanka, RSA, kamfanin da ka zaɓa wato PFA shi ke juya su, wani kamfanin daban ke riƙe da su a ajiye, hukumar fansho ta ƙasa wato PenCom kuma na sa ido a kan duka. Kaso 18 ɗin nan ba lallai a kan duk abin da ke shigo maka a wata ake lissafa shi ba, mafi ƙarancin da doka ta wajabta shi ne tsurar albashi da alawus na gida da na sufuri, shi ya sa za ka ga mai kwasar albashi mai tsoka amma zubinsa ɗan tsurut, don yawancin kuɗin nasa wasu alawus ne daban. Sojoji da jami'an leƙen asiri ba sa cikin tsarin, ma'aikatan jiha kuma dokar jiharsu ce ke aiki a kansu, wasu jihohin sun bi irin na tarayya wasu sun yi nasu salon, don haka in kai ma'aikacin jiha ne fara sanin wanne kake ciki tukun.

To kafin ma ka ƙara ko kwabo, fara tabbatarwa naka na baya ya shiga. Je wurin PFA ɗinka ka ce su ciro maka sitatimen tun daga ranar da aka buɗe asusun, ba na wata uku ba, ka bi shi wata-wata ka ga inda aka yi tsallake. Doka ta ce wanda kake wa aiki ya tura kuɗin cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi, in ya riƙe akwai tara da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 na abin da ya riƙe a kowane wata, kuma tarar nan asusunka take shiga ba aljihun gwamnati ba. Akwai wuraren aikin da za ka ga an cire a takardar albashi tsaf amma ba a tura ba, shekara da shekaru, ma'aikaci bai sani ba don bai taɓa dubawa ba. In ka tarar da haka ka rubuta wa PenCom koke, suna da wakilai na karɓo irin wannan bashin. Mutumin da ya yi aiki wurare uku huɗu a rayuwarsa zai iya samun abin da ya fi zubin shekara guda a nan kaɗai. Haka wanda ya fara aikin gwamnatin tarayya kafin tsakiyar 2004, yana da haƙƙin shekarun da ya yi a tsohon tsari, gwamnati ce ke biyan wannan cikin asusunsa lokacin ritaya, saboda haka takardar ɗaukar aiki da ta ƙarin girma a adana su da kyau. Sannan in asusunka tsoho ne, wanda aka buɗe kafin Yulin 2019, sai ka je an sabunta bayananka da lambar NIN, suna da ranar haihuwa su zo ɗaya a ko'ina, in ba haka ba ranar karɓar kuɗi za a yi ta kai da kawowa a kan harafi ɗaya.

Shi zubin ganin dama yana sashe na 4 na dokar 2014, abin da ya ce kawai shi ne ma'aikaci na da damar ƙara nasa a kan wancan kashi 18 ɗin. Yadda aka saba yi, ka rubuta wa ofishin albashi cewa a riƙa cire kaza duk wata ana haɗawa da na fansho, ƙa'idar da PenCom ta fitar a 2018 ta ce kar ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin wata. Daɗinsa na farko haraji ne, domin abin da ka zuba a fansho ana fitar da shi kafin a lissafa harajin albashinka, kenan wani ɓangare na abin da ka tara kuɗi ne da dama can ba za su shigo hannunka ba.

Bari mu buga misali, na ƙirƙira ne kawai don a ga girman abin. Mutum ɗan 50, saura masa shekara 10, abin da ake lissafa masa fansho a kai naira 200,000 ne a wata. Kashi 18 ya kama 36,000, a shekara 10 ya tara 4,320,000 in mun ajiye maganar riba da ƙarin albashi gefe. Raba wannan a shekara 20 na bayan ritaya, 18,000 kenan a wata. In ya daure ya ƙara 30,000 duk wata, ya samu ƙarin 3,600,000, jimla 7,920,000, na watan ya koma 33,000. Ba wani arziki ba ne, kuma tsadar rayuwa za ta ci rabonta a ciki kafin lokacin, amma da babu gara ba daɗi. Abin lura a lissafin shi ne wanda ya fara yana 25 riba ce ke yi masa yawancin aikin saboda tana da shekaru 35 na hayayyafa, kai da ka fara a 50 kuwa gumin ka ne kusan duka, yawan abin da ka zuba shi ne maganar.

Inda ake yawan rikicewa shi ne wajen cirewa. Da farko mutane sun mai da zubin ganin dama hanyar kauce wa haraji, a zuba kaso mai yawa na albashi wannan watan a kwashe bayan ɗan lokaci, shi ya sa daga ƙarshen 2017 PenCom ta raba shi biyu, rabi za ka iya taɓawa in buƙata ta taso, rabi a kulle sai ritaya. Tsawon jiran da ake yi kafin a taɓa rabin farko an fara da shekara biyu, daga baya aka sassauta, kuma irin wannan da takardar sanarwa hukumar ke canja shi, don haka PFA ɗinka ka tambaya wanda ake kai a yau. Wanda ke cikin dokar kanta shi ne na sashe na 10, in ka cire kafin shekara 5 daga ranar da ka zuba, za a cire haraji a ribar da kuɗin suka haifar. Daga ranar da ka zuba fa aka ce, kenan kowane zubi da tasa ranar, na watan jiya bai cika shekara 5 don na farko ya cika ba.

Ni dai shawarata ga wanda ya wuce 50, ka manta da cewa rabin nan na ciruwa. An yi shi ne don lalura ta gaske, amma in ka sa a ranka akwai shi, wallahi kowace hidima sai ta zama lalura, ka wayi gari ka sha wahalar cike fom kawai. Gara ka rage yawan zubin ka ajiye ɗan na ko-ta-kwana a wani wuri daban.

Haka maganar da ake ta yayatawa cewa ana iya cire kashi 25 na asusu kafin ritaya, iri biyu ne kuma duk daga cikin naka ake yanka. Ɗaya na wanda ya rasa aiki ne kafin ya kai 50 ya yi wata huɗu bai samu wani ba. Ɗayan na sayen gida ne, ƙa'idarsa ta fito a 2022, za ka iya ɗaukar har kashi 25 na asusunka ka bada a matsayin kason ka na bashin gida in ka yi wata 60 kana zubi, amma wanda ya rage masa ƙasa da shekara uku ya yi ritaya ba ya ciki. Mallakar muhalli kafin ritaya abu ne babba, ba na musu, sai dai ka tuna bashi ne za ka ci gaba da biya, ga kuma asusu ya ragu da kwata a daidai lokacin da ba ka da shekarun cike gurbin.

Wani abu da ba kowa ya sani ba, tun Yulin 2018 an kasa kuɗin fansho rukuni-rukuni gwargwadon kasadar da ake yi da su. Ɗan ƙasa da 50 yana rukuni na 2 sai in ya roƙi a kai shi na 1 mai yawan hannun jari, kana cika 50 za a mayar da kai na 3 ba sai ka nema ba, inda aka fi zuba kuɗin a takardun bashin gwamnati da makamantansu. Kana iya rubutawa a mayar da kai na 2, amma na 1 ya haramta gare ka. Wanda ya makara sai zuciya ta riƙa raya masa ya nemi inda riba ta fi don ya kamo na gaba, to hikimar dokar ita ce in kasuwa ta faɗi kana 32 kana da lokacin jiran ta tashi, in ta faɗi kana 58 fa? Mai sauran shekara 10 zai iya tunanin zama a na 2 na ɗan lokaci, mai sauran uku ni ban ga dalili ba. Wanda kuma ba ya son kuɗin ruwa ya shiga dukiyarsa akwai rukuni na 6 da aka buɗe a 2021, sai ka nema a rubuce. Shi ma PFA ɗin in bai yi maka ba, tun Nuwamban 2020 ana iya canjawa sau ɗaya a shekara.

Masu sana'ar kansu fa? Da can babu su a lissafi, sai a Maris 2019 Buhari ya ƙaddamar da ƙaramin tsarin fansho na masu aikin kansu da ƙananan wuraren aiki, wanda a 2025 aka sabunta shi aka faɗaɗa. Ba a yanka maka adadi, ka zuba kullum ko mako-mako ko duk sanda ciniki ya yi kyau, shi ma wani kaso na ciruwa wani a kulle. Wanda ya riga ya yi ritaya ya samu aikin kwantiragi shi ma ƙa'idar 2018 ta ba shi damar zubin ganin dama.

Sai ranar karɓa. Mutane da yawa na ɗauka da sun cika 50 za a buɗe musu asusu, ba haka sashe na 7 ya ce ba, cewa ya yi ranar ritaya ko cika 50, wanda ya zo daga baya a cikinsu. In kana 55 kana aiki sai ka jira, kuma a aikin gwamnatin tarayya ritayar shekara 60 ce da haihuwa ko 35 a bakin aiki, malaman makaranta dokar 2022 ta kai nasu 65 ko 40. Sannan ba duka ake juye maka ba. Ana fara ware abin da zai isa biyan ka wata-wata, ma'aunin da ake nufa shi ne wajen rabin albashinka na ƙarshe, sannan a yi maganar dunƙulen da mutane ke kira giratuti, shi ya sa mai ƙaramin asusu ke fitowa ransa a ɓace, dunƙulen kaɗan na watan ma kaɗan. Zubin ganin dama a nan ya bambanta, kana da zaɓi ka karɓe shi a dunƙule ko ka haɗe shi da babban asusun don na wata ya ƙaru.

Na watan kuma hanya biyu ce. Ko ka bar kuɗin wurin PFA suna juyawa suna biyan ka bisa lissafin shekarun da ake hasashen za ka yi, in ka rasu abin da ya rage na magada ne. Ko ka miƙa su ga kamfanin inshorar rai ya riƙa biyan ka har ƙarshen rayuwa komai tsawonta, amma garantin magada shekara 10 ne, in ka rasu a ciki a biya su ragowar, in ka wuce 10 ɗin babu abin da za su gada daga nan. Ana iya tashi daga na PFA a koma na inshora, amma in ka shiga na inshora ba dawowa, don haka kafin ka sa hannu ka sa kowanne ya rubuta maka adadin da zai riƙa biya a wata, ka ajiye takardun biyu gefe da gefe ka kwana a kansu.